Jirgin da mai ya ƙare masa a sama: yadda aka yi da Air Canada 143 a 1983

Ranar Asabar 23 ga watan Yulin 1983 da yamma, jirgin Air Canada mai lamba 143, ƙirar Boeing 767, yana tafe a sama ƙafa 41,000 daidai wani yanki da ake kira Red Lake a lardin Ontario na ƙasar Kanada, ya taso daga Montreal ya ya da zango a Ottawa zai wuce Edmonton, fasinja 61 ma'aikata 8, kawai sai mai ya ƙare masa ƙaf. Tanki bai yi yoyo ba, injina lafiyarsu ƙalau, gari kuma garau. Man da aka ɗura masa tun a ƙasa ne bai kai ko rabin abin da tafiyar take buƙata ba, kuma daga mai tankar man har kyaftin ɗin ba wanda ya sani. Mutum 69 ɗin nan duk sun sauka da ransu, shi ya sa labarin ya yi suna sosai a tarihin saukar gaggawa, har ake yi wa jirgin laƙabi da Gimli Glider, wato jirgin da ya yi shawagi ba inji ya je ya sauka a garin Gimli.

Yawancin masu ba da labarin nan wajen saukar suke garzayawa, kuma ban ga laifinsu ba don wurin akwai ɗaukar hankali. Amma ni abin da ya fi tsaya min a rai shi ne awannin da suka wuce kafin jirgin ya tashi, don a nan ɓarnar ta faru, kuma waɗanda ta faru a hannunsu duk ƙwararru ne da suka san aikinsu. To bari mu faro daga can.

767 a lokacin sabon jirgi ne fil, wata kaɗan kenan da Air Canada ta fara aiki da shi, kuma ya zo da sababbin abubuwa biyu da suka shafi maganar nan kai tsaye. Tsofaffin manyan jirage mutum uku ne a gaba, kyaftin da mataimakinsa da injiniyan jirgi, shi wannan na ukun yana zaune a bayansu gaban allon mitoci, lissafin mai yana cikin aikinsa. Shi kuwa 767 mutum biyu ne, kwamfuta ta karɓi aikin na ukun. To in kwamfutar ta ƙi aiki fa, wa zai zauna ya yi lissafin da hannu? Kamfanin bai fayyace ba. Su matuƙa da makanikai duk ba wanda aka zaunar aka koya wa, kowa yana ganin ai ɗayan ya iya. Abu na biyu, Kanada tun shekarun 1970 take ta fama da komawa awon mita da lita da kilo, to 767 shi ne jirgi na farko a kamfanin da ake lissafin mansa da kilo, sauran jiragen duk da laba ake yi, wannan tsohon awon na Ingila da Amurka wanda bai kai rabin kilo ba. Ka ga ma'aikaci ɗaya zai yini yana zuba wa jirage mai da lissafin laba, sai ga jirgi ɗaya tilo ya zo an ce shi kilo ne.

Wani zai ce me ya kawo nauyi cikin maganar mai, ba da lita ake zubawa ba? E, mai tanka da lita yake zubawa, amma matuƙi nauyi yake so ya sani, saboda ƙarfin da mai ke bayarwa da nauyinsa yake tafiya, ita lita tana kumbura ko ta tsuke gwargwadon zafi da sanyi, ga kuma nauyin jirgin gaba ɗaya da dole a sani kafin a tashi. Don haka kullum akwai juyi daga lita zuwa nauyi, in komai lafiya kwamfutar jirgin ce ke yi ba wanda ya damu.

A wannan jirgin kwamfutar awon man ce ta samu matsala. Tana da layi biyu, in ɗaya ya mutu ɗayan ya ci gaba, haka aka tsara ta. Amma akwai wata walda da ba ta kama da kyau ba a layi na biyu, wadda ta sa maimakon layin ya mutu ya bar ɗan'uwansa ya yi aiki, sai ya riƙa kashe mitocin man gaba ɗaya su zama ba komai a fuskarsu. Ranar 22 ga wata a Edmonton wani makaniki ya gano cewa in ya zare makunnin fiyus na layi na biyun, mitocin suna dawowa su yi aiki da layi ɗaya. Babu wata sabuwar kwamfutar a ajiye da za a canza, sai ya bar makunnin a zare, ya manna masa alama, ya rubuta a littafin jirgin. Doka ta yarda a tashi a haka in dai an ƙara auna man da sanda don tabbatarwa. Washegari jirgin ya taso har Montreal da mitoci masu aiki, ba wata matsala.

A Montreal aka yi canjin matuƙa. Kyaftin ɗin da ya kawo jirgin ya haɗu da wanda zai karɓa, Robert Pearson, ya gaya masa akwai matsala a mitocin mai. Shi yana nufin layi ɗaya ne a kashe, shi kuma Pearson abin da ya fahimta shi ne mitocin gaba ɗaya ba sa aiki kuma a haka aka taso da jirgin. A daidai lokacin kuma wani makanikin ya shiga jirgin yana son ya gwada kwamfutar ya ga inda matsalar take, ya mayar da makunnin nan da aka zare, mitoci suka ɗauke, kafin ya gama sai aka kira shi wajen auna mai, ya fita ya manta bai sake zare shi ba, alamar kuma tana nan manne. Da Pearson ya shigo ya zauna ya ga mitoci ba komai, ga alama a manne, sai abin ya zo daidai da abin da yake zaton an gaya masa. Nan fa gizo ke saƙa. Da a ce bai ji komai ba tun farko, da ganin mitoci a mace zai sa ya yi tambaya. Amma labarin da ya riga ya ji ya ba shi amsa tun kafin ya tambaya.

Akwai littafin da ke faɗin abubuwan da dole su kasance suna aiki kafin jirgi ya tashi, kuma littafin bai yarda a tashi da mitocin mai duka a mace ba. Wannan gaskiya ne, kuma Pearson ya duba ya gani. Sai dai jirgin sabo ne, littafin an yi ta canza shi ba adadi cikin ƴan watannin nan, matuƙa sun saba ganin sashen gyara yana ba da izinin tashi a kan abubuwan da littafin bai gama tsayawa a kansu ba, shi kuma a ransa ai jirgin ya riga ya yi tafiya a haka da izini. Ya yanke shawarar a auna man da sanda a tafi.

Awon sandan nan ba wani abu ba ne mai wuya, kusan yadda direba ke zaro sandar baƙin mai ya duba, sai dai ita ta jirgi a ƙarƙashin fiffike take, a jawo ta a karanta tsayin man a juya shi zuwa lita. Aka auna aka samu lita 7,682 a tankuna. Tafiyar tana buƙatar kilo 22,300. Yanzu saura a san lita 7,682 kilo nawa ne, a cire, a san nawa za a ƙara.

Litar man jirgi ɗaya a ranar nauyinta kilo 0.803 ne. In ka ninka za ka samu kilo 6,169 a tanki, saura kilo 16,131, wanda in ka mayar lita ya kama 20,088. Abin da ya kamata a zuba kenan. Amma lambar da aka yi aiki da ita 1.77 ce, ita ce lambar da ke kan takardar masu zuba mai, ita suka saba da ita shekara da shekaru, kuma daidai take, sai dai laba ce a kowace lita ba kilo ba. Aka ninka 7,682 da 1.77 aka samu 13,597, aka kira shi kilo. Aka cire daga 22,300 saura 8,703, aka raba da 1.77 aka samu lita 4,917. Ita aka zuba. Jirgi ya tashi da laba 22,300, wato kilo 10,100 da ɗan wani abu, kashi 45 cikin ɗari na abin da ake buƙata.

Abin da ke ban tausayi a nan shi ne mutanen nan ba su yi sakaci da lissafin ba, sun maimaita shi, Pearson da kansa ya sake bi ya ga ninkawar daidai, ragewar daidai, rabawar daidai. Duk wanda ya duba, lissafin ya duba, ba wanda ya tsaya ya tambayi ita 1.77 ɗin ta mece ce. Kuma akwai hanya mai sauƙi da za ta tona asirin: litar ruwa kilo ɗaya ce, mai kuma ya fi ruwa rashin nauyi shi ya sa yake tasowa samansa, to ta yaya litar mai za ta yi kilo 1.77? Duk lambar da ta haura ɗaya ai ka san ba kilo ba ce. Amma wannan tunanin na wanda ya tashi da kilo ne, su kuwa mutane ne da suka yi rayuwarsu duka da laba da galan, ba su da wannan ji a jiki na nauyin lita, kuma ba wanda ya koya musu. Ni dai ban ga yadda za a yi adalci a ce wauta suka yi ba.

Dama ta biyu ta zo a Ottawa. Pearson ya sa aka sake auna man da sanda, wanda ke nuna abin yana ransa. Aka samu lita 11,430, aka sake ninkawa da lambar laba, aka samu kusan 20,400 aka ce kilo ne, ya isa Edmonton har da ragowa, ba a ƙara ko ɗigo ba. Ainihin abin da ke tankin wajen kilo 9,200 ne. Sannan akwai kwamfutar tafiya wadda matuƙi ke shigar mata da adadin man da ya tashi da shi, ita kuma ta riƙa rage abin da injina suka sha. Ba ta leƙa tanki, abin da aka gaya mata take bi. Don haka duk tsawon tafiyar tana nuna musu akwai mai isasshe, har zuwa lokacin da tankuna suka bushe tana nuna sauran mai dubban kilo.

Ƙararrawar farko ta ce ƙarfin turo mai ya ragu a ɓangaren hagu. Pearson da mataimakinsa Maurice Quintal suka ɗauka famfo ne ya lalace, abin da kowa zai ɗauka kenan tunda kwamfuta na cewa mai na nan, kuma ko ba famfo mai zai iya gangarowa da kansa zuwa inji. Can sai ga wata ƙararrawar, sai ta ɓangaren dama ma. Famfuna da yawa ba sa mutuwa tare haka kawai, nan suka san akwai babbar magana, suka nemi a ba su hanya zuwa filin jirgin birnin Winnipeg suka fara saukowa. Injin hagu ya mutu. Suna shirin sauka da inji ɗaya, wanda abu ne da kowane matuƙi ya sha gwadawa a horo, sai suka ji wani dogon ƙara da ba su taɓa ji ba, ashe ƙarar mutuwar injina duka ce. Na dama ma ya tafi. Allunan gilashin da ke gabansu duk suka yi baƙi saboda wutarsu daga janaretocin injin take zuwa, sai ƴan ƙananan mitocin ko-ta-kwana masu aiki da batir suka rage, kuma a cikinsu babu wadda ke nuna saurin gangarowa, alhali ita suka fi buƙata.

Suka buɗe littafin gaggawa suna neman shafin tuƙi ba inji ko ɗaya, ba su samu ba. A lokacin ana ganin abu ne da kusan ba zai faru ba.

Jirgi mai girman 767 hannun mutum ba ya iya motsa fikafikansa, sai da ƙarfin haidurolik, wato matsin wani ruwa da famfo ke turawa ta bututu, shi kuma daga inji yake samuwa. Abin da ya cece su wata ƴar farfela ce da Boeing ta ɓoye a cikin jirgin, in injina suka mutu sai ta faɗo da kanta iska ta riƙa juya ta, ta ba da ɗan ƙarfin da zai isa a juya jirgin. Sai dai da saurin jirgin take aiki, duk sanda gudu ya ragu ƙarfinta ya ragu, wato daidai lokacin sauka da aka fi buƙatarta shi ne lokacin da ta fi rauni. Na'urar da ke aika wa rada, wato na'urar hango jirage daga ƙasa, lamba da tsayin jirgin ita ma ta ɗauke, sai da ma'aikatan Winnipeg suka koma tsohuwar hanyar rada mai nuna ɗigo kawai, suna auna nisa suna gaya musu ta rediyo.

Pearson yana da shekara 48, ya yi awa sama da 15,000 a sama, kuma a lokacin hutunsa yana tuƙa irin ƙananan jiragen nan marasa inji da ake ja a sake su su yi shawagi. Da wannan ilimin ya kintaci gudun da zai sa jirgin ya fi yin nisa, ya tsaya a not 220, wato mil 220 na teku a awa. Quintal, mai shekara 36 da awa sama da 7,000, ya ɗauki takarda yana rubuta tsayi daga ƙaramar mita da nisa daga bakin Winnipeg, ya ga a mil 10 na teku sun sauko ƙafa 5,000, wato kusan duk ƙafa 12 gaba ƙafa ɗaya ƙasa. Ya yi lissafi ya ce ba za su kai Winnipeg ba. Wannan lissafin shi ne ya fita daidai a ranar, kuma ya faɗe shi a kan lokaci, ban ga ana ba Quintal haƙƙinsa yadda ya kamata a kan wannan ba, don da sun nace wa Winnipeg da a hanya za su faɗi kafin su kai filin jirgin.

Quintal ya taɓa aikin sojan sama a sansanin Gimli, a bakin tafkin Winnipeg, arewa da birnin. Ya san akwai dogayen titunan jirgi guda biyu a jere. Abin da bai sani ba shi ne bayan an rufe sansanin a 1971, an mayar da ɗaya daga titunan filin tseren motoci, har an kafa shingen ƙarfe a tsakiyarsa, kuma ranar Asabar ɗin nan ƙungiyar masu tseren motoci ta Winnipeg tana bikin iyalai a wurin, mutane da ƴaƴansu da tantuna da motocin kwana a ƙarshen titin.

Da suka matso suka saki tayoyi su faɗo da nauyinsu tunda babu ƙarfin tura su. Manyan na baya suka faɗo suka kulle, na gaba bai kulle ba, don shi sai ya tura gaba cikin iska kuma ba shi da nauyin da zai yi hakan. Sannan ga wata matsalar, sun yi sama da yawa kuma suna gudu da yawa. Jirgi mai lafiya zai buɗe faifan fikafikansa ya rage gudu, nasu ba su da ƙarfin buɗuwa. Suka yi tunanin yin kewaye ɗaya don su zubar da tsayi, suka ga in suka kewaya ba za su dawo titin ba. A nan Pearson ya yi abin da masu ƙananan jirage ke yi: ya karkata fikafikai gefe ɗaya, ya taka abin juya wutsiya zuwa ɗaya gefen, jirgin ya riƙa tafiya a karkace yana ba iska gefen jikinsa, iska na tare shi, yana zubar da tsayi da sauri ba tare da gudu ya ƙaru ba. A ƙaramin jirgi wannan darasin ɗalibai ne. A jirgin fasinja mai faɗin 767, ba inji, ga ƴar farfelar nan tana ƙara rauni saboda karkacewar ta dagula iskar da ke juya ta, gaskiya wannan sai wanda hannunsa ya san abin. Fasinjojin gefe ɗaya ƙasa kawai suke gani ta taga, na ɗaya gefen sararin sama. Sai dab da ƙasa ya miƙar da shi.

Mutanen da ke filin ba su ji zuwansa ba tunda ba inji, sai ganinsa suka yi. Akwai wasu yara maza a kan kekuna a saman titin, Pearson ya ce har fuskokinsu ya gani. Tayoyi na taɓa ƙasa ya danne birki iya ƙarfinsa, taya biyu suka fashe, tayar gaba da ba ta kulle ba ta koma ciki, hancin jirgin ya daki ƙasa ya riƙa jan kwalta yana tartsatsi. Wannan tayar da ta ƙi kullewa ita ta zama alheri, don gogar hancin da ƙasa ta ci gudun sosai, shingen ƙarfen tsakiya ma da jirgin ya hau kansa ya ƙara riƙe shi. Ya tsaya kafin ya kai ga taron. Kimanin minti 17 kenan da ƙarewar man.

Ƴar wuta ta tashi a wajen hancin, masu tseren motoci suka rugo da tukwanen kashe gobararsu suka kashe ta. Raunukan da aka samu, mutum goma ne kuma ƙanana, wajen fita aka same su, saboda hanci na ƙasa wutsiya ta ɗaga sama, sai zamiyar gaggawa ta ƙofofin baya ta yi tsaye da yawa. Jirgin kansa an yi masa gyaran wucin gadi a Gimli, bayan kwana biyu ya tashi zuwa Winnipeg aka gyara shi sosai, ya ci gaba da ɗaukar fasinja har watan Janairun 2008 da aka yi masa ritaya.

Bayan an gama murna sai maganar wa ya yi laifi. Binciken cikin gida na Air Canada ya sauke Pearson daga muƙaminsa na wata shida, ya dakatar da Quintal sati biyu, ya dakatar da makanikai uku. A ganina wannan hukuncin ya tsaya a rabin hanya. Ba na cewa Pearson ba shi da nasa kason, littafi ya hana tashi da mitoci a mace kuma ya tashi, wannan ba a share shi don ya yi bajinta daga baya. Amma in ka hukunta mutum biyar ka bar takardar mai ɗauke da 1.77 a hannun masu zuba mai, ka bar jirage wasu kilo wasu laba, ka bar tambayar wa ke da alhakin lissafi ba amsa, to gobe wasu biyar ɗin za su faɗa rami ɗaya. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma bangon nan tsagarsa ta riga su zuwa aiki ranar.

Hukumar binciken da gwamnatin Kanada ta kafa a ƙarƙashin mai shari'a George Lockwood ta fitar da rahotonta a 1985, ita kuma ta kai maganar har sama. Ta ɗora wa shugabannin kamfanin alhakin gazawar tsari da ta kayan aiki, ta ce ba a fayyace wa ke lissafin mai ba in na'ura ta ƙi, ba a horar da mutane kan sabon awon ba, ba a ajiye isassun kayan canji ba, ta kuma yaba wa matuƙan da ma'aikatan cikin jirgin kan ƙwarewarsu. Ta ba da shawarar a mayar da duk jiragen kamfanin kan kilo ba tare da ɓata lokaci ba, saboda haɗa awo biyu ya fi kowane ɗayansu shi kaɗai haɗari. A shekarar dai hukumar wasannin jiragen sama ta duniya, FAI, ta ba Pearson da Quintal takardar yabo ta gwanintar tuƙi, su ne na farko da aka ba. Quintal ya zama kyaftin a 1989.

Yana da kyau a ajiye wannan lamarin kusa da ƴan'uwansa don kada mutum ya ɗauka duk jirgin da injinansa suka mutu haka yake ƙarewa. A watan Agustan 2001 jirgin Air Transat 236, Airbus A330 daga Toronto zuwa Lisbon, mansa ya tsiyaye a saman Tekun Atilantika, kyaftin Robert Piché ya yi shawagi da shi ya sauka a Lajes cikin tsibiran Azores da mutum 306 ba wanda ya mutu. A Janairun 2009 Chesley Sullenberger, wanda shi ma ya iya tuƙin jirgi marar inji, ya sauke jirgin Airbus A320 a kogin Hudson na New York bayan dinya sun shiga injinansa, mutum 155 duk suka tsira. Waɗannan su ake yawan ambata. Amma wanda ya fi kama da Gimli ta wajen sanadi shi ne Tuninter 1153 na Tunisiya, 6 ga Agustan 2005. Jirgin ATR 72 ne aka saka masa mitar mai ta ƙaramin ɗan'uwansa ATR 42, kamanninsu ɗaya kuma ta shiga ramin daidai, sai ta riƙa nuna mai fiye da wanda ke tanki. Matuƙan sun yarda da lambar da ke gabansu kamar yadda Pearson da Quintal suka yarda da tasu, injina biyu suka mutu a saman Bahar Rum, babu tsohon titin soja a kusa, suka sauka a ruwa kusa da Palermo, mutum 16 cikin 39 suka rasu.